Mutumin da Ya Ɗaga Faifai

An yi wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Irmiya. Mutum ne mai gaskiya, wannan kam ko wanda ba ya shiri da shi ya shaida. In ya tsinci lauje a hanya sai ya bi gida-gida yana neman mai shi. Sai dai zuciyarsa ba ta san zama ba. Yakan rufe ƙofa, ya yi gaba, ya dawo ya taɓa ta. Yakan ɗaure akuya, ya kai bakin gona, ya juyo ya duba igiyar. Yunwa ba ta ba shi tsoro kamar yadda yake tsoron a ambaci sunansa a inda ba ya nan.

Mutanen ƙauyen suna da ƙungiyar gama-kai ta abinci, wadda iyayensu suka kafa bayan wata shekarar fari. Ɗaki suka gina a bayan majami'a, suka jera manyan randuna a ciki, suka sa masa suna Rumbun Kowa. Al'adar wurin kuwa ita ce, kowace Asabar da hantsi a buɗe ƙofa. Mace ta zo da ƙwarya a ka, an rufe ta da faifai, ta shiga ita kaɗai, ta saki asabari a bayanta. In kawowa ta yi, ta juye. In gidanta babu, ta ɗiba. Sa'an nan ta mayar da faifai ta fito. Ba mai tambaya, ba mai leƙe. Matan garin ma sun ƙware a kan abin. Mai ɗauke da cikakkiyar ƙwarya takan yi tafiya kamar ba kome a kanta, mai ɗauke da wofi kuma ta ɗan dafe ta kamar da nauyi, har tafiyarsu duka ta zama iri ɗaya.

Akwai kwamiti da ke kula da rumbun. Su ne masu gyara jinka, su kori gara da ɓera, su shanya hatsi in ya ji sanyi, su riƙe mabuɗi. Wata shekara bayan bikin godiya na kaka aka zaɓi Irmiya a cikinsu, aka kuma danƙa masa mabuɗin, don an san ko ƙwaya ɗaya ba za ta bi shi gida ba.

Tun daga ranar hutunsa ya ƙare. Kowace Asabar yakan zauna a kan wani dutse a bakin ƙofa, yana kallon ƙorai na shiga suna fita, idonsa na neman abin da faifai ya hana shi gani. In mata sun watse sai ya shiga ya zura hannu cikin randuna. Yau ya tarar hatsi ya sauka, wani mako ya tarar ya hau, bai san ta yaya ba. Ya rufe, ya tafi, ya dawo ya girgiza kwaɗon. Yana noma yana tambayar kansa, “In aka tsare ni aka ce ina hatsin jama'a, me zan ce?”

Irmiya yana da taubashi, ɗan kawunsa, mai suna Habila, mutum mai barkwanci wanda bakinsa ba ya hutawa. Kamar yadda taubasai suka saba, kowannensu bawa yake kiran ɗan'uwansa. Ran wata kasuwa, a tsakiyar mutane, Habila ya kama shi a kafaɗa ya ce, “Kai bawana, juyo in gan ka. Tun da aka rataya maka mabuɗin nan wuyanka ya fara ninkewa. Rumbun Kowa ne, ko rumbun Irmiya?”

Aka kwashe da dariya. Irmiya ya ce, “Idonka ne ya rame, shi ya sa kake ganin kowa da ƙiba.” Aka sake dariya, aka watse.

Habila bai kai gida ba ya manta da maganar. Irmiya kuwa da ita ya tafi gona, da ita ya dawo. Ya riƙa tuna fuskokin waɗanda suka yi dariya, yana auna wane ne ya yi ta wasa, wane ne ya yi ta da biyu. Har shafa wuyansa ya riƙa yi.

Da kwamiti ya zauna a farkon damina, sai ya miƙe ya ce wa shugabansu, wani dattijo mai suna Baba Ayuba, “Baba, ni ba na zargin kowa. Amma abin jama'a a sarari ya kamata a yi shi. Duk wadda ta zo, ta ɗaga faifai a bakin ƙofa, da shiga da fita, in gani da idona. Mai gaskiya me za ta ɓoye?”

A cikin kwamitin akwai wata tsohuwa, Iya Tabita, wadda tana yarinya aka aza harsashin ɗakin. Ta dube shi ta ce, “Ɗana, ka taɓa ɗaukar ƙwarya wofi ka ratsa gari da ita?”

Ya ce, “A'a, Iya.”

Ta ce, “To, na ji.”

Kowa ya ga in ya ƙi, za a ce shi ne mai abin ɓoyewa. Baba Ayuba ya gaji da zama, gwiwarsa na ciwo, ya ce a gwada. Da haka shawarar ta wuce ta hannun mutanen kirki, aka sanar da ita ran Lahadi bayan sujada.

Asabar ta farko masu cikakkun ƙorai suka zo, suka ɗaga faifai da kansu tun kafin a tambaye su, waɗansu har da ɗan jinkiri don na baya su gani. Masu kawo ɗan tafin hannu, waɗanda a dā sukan zuba abinsu su fita da farin ciki, suka daina zuwa, gama wa zai buɗe ƙwarya a ga gindinta? Masu ɗiba kuwa ko ɗaya ba ta zo ba. Bayan 'yan makonni masu kawowar ma suka ɗauke ƙafa, don ba sauran wurin zubawa. Ciyawa ta fara tsirowa a hanyar rumbun.

Damina ta yi tsakiya, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a gidaje, sabo kuma bai nuna ba. A kowace shekara a irin wannan lokaci randunan kan sauka har a ji hannu na taɓa ƙasa. Bana suna nan cike har baki. Yanzu ba mai iya cewa Irmiya ya ci, ga shaida nan a fili. Ya kamata ya huta ke nan, amma bai huta ba. Ya kewaya ɗakin yana neman gara, bai samu ba. Ya hau ya duba jinka, ba inda take yoyo. Ya zauna a dutsensa, ya tashi, ya sake zama. Wani abu yana damunsa, ya rasa sunansa.

Sai wata rana yana wucewa da yamma ya gane. Garin ne ya yi shiru. A dā in rana ta karkata, turame kan amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan. Yanzu sai jefi-jefi. Gidan Habila kuwa, wanda matarsa Kande takan yi daka har da luguden wasa, tsit yake.

Bara wuta-wuta ta cinye wa Habila gero, kowa ya sani, amma da yake bakinsa bai daina dariya ba, ba wanda ya sa abin a rai. Washegari da sassafe Irmiya ya gamu da shi a bayan gari, da fartanya a kafaɗa, ya ba gonarsa baya ya nufi ƙauyen hayi.

Irmiya ya ce, “Bawana, ina za ka, ga gonarka can tana kiran sunanka? Kowa ya yi maimai sai kai.”

Habila ya ce, “Zan je in koya wa mutanen hayi noma. An ce ba su iya ba.”

“Ƙodago za ka?”

Habila ya yi yaƙe. “Yara ba sa cin ciyawa, ba sa kuma cin alkawarin kaka. In na yi wa wani noma yau, su ci yau.”

“In ka bar gonar nan mako guda kuma, ta tafi. Baɗi fa? Ka tura Kande rumbu mana! Ga hatsi har baki. Ai domin irin wannan rana aka tara shi.”

Habila ya sauke fartanyar. Ya ce, “Irmiya.” Rabon da ya kira shi da sunansa tun suna yara. “In tura ta ta tsaya a gabanka, ta ɗaga maka faifai, ka leƙa cikin gidana, mata na tsaye a bayanta? Kowace shekara muna zubawa a randunan nan. Bana ce kaɗai. Gara ciyawa ta ci gonar.”

“To, zo gidana ka ɗiba. Ni da kai ne.”

“Wato in ɗaga maka faifan a tsakar gidanka ke nan. Matsa mini, rana na yi.”

Ya saɓa fartanya ya wuce. Irmiya ya bi ta gonar Habila, ya tarar ciyawa ta kusa shanye dawa, ganyen ya yi rawaya. Ya sunkuya ya cire 'yan tsiraru da hannu, ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya bari. Ya je tasa gonar, ya kasa noma. Ya je rumbu ya buɗe, ya tsaya yana kallon hatsi, ya rufe. Rana tsaka ya shiga gida yana faɗa shi kaɗai.

Matarsa Rifkatu tana zaune a inuwa tana bakace. Ya ce mata, “Girman kai ne kawai! Mutum ya zaɓi ya rasa gona don kada a ga ƙwaryarsa? Ni gidana bai taɓa ɗibar ƙwaya ɗaya a rumbun nan ba, amma da bukata ta kama ni, da rana tsaka zan je, kowa na gani.”

Rifkatu ta ci gaba da kaɗa faifanta. Can ta ce, “Baban Lami, ka tuna shekarar da ka faɗo daga kan jinka ka karye?”

Ya tuna mana. Damina guda ya yi a kwance. Ɗan hatsin da ke rumbunsa ya kai su har sabon gero, abin da ya ba shi mamaki har ya tashi a majami'a da sanda ya ba da shaida cewa Allah ya sa wa rumbunsa albarka.

Ta ce, “Wace dawa ka shuka kafin ka karye?”

“Kaura mana. Tun ina saurayi kaura nake shukawa, kin sani.”

“Tuwon kaura ja ne. Wanda ka riƙa yabo kana kwance, kana cewa fari tas kamar na gidan biki, a wace gonarka ya tsiro?”

Ya tuna farin tuwon. Ya tuna waɗansu ranaku da tuwon kan zo da launin da ba na dawa ba, ba na gero ba, irin na hatsin da ya fito daga gonaki da yawa ya haɗu a randa ɗaya. Ya ci, ya suɗe hannu, bai taɓa tambaya ba.

Rifkatu ta ce, “Shaidarka gaskiya ce, Allah ne ya ciyar da kai. Hanyar ce ba ka sani ba. Ranar da na fara zuwa, na kai gindin tsamiyar da ke hanyar rumbu ƙafata ta ƙi gaba. Kande ta hango ni. Ba ta ce mini kome ba, ta koma gida ta ɗauko ƙwarya ta rufe, ta zo ta jera da ni, tana ba ni labarin wata kazarta mai taurin kai har muka isa. Rumbunsu cike yake a shekarar. Wofi ta shiga da ita, wofi ta fito, don kada in zama ni kaɗai a hanya. Haka ta yi ta raka ni har kaka.”

Ya ce, “Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Da na faɗa, da ka ci?”

Da yake shi mai gaskiya ne, ya ce, “Da ban ci ba.”

Ta ce, “Da yaran ma ka hana su.” Ta koma bakacenta.

Ko ruwa bai sha ba, ya fita ya bi gidajen 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Ran Lahadi shi da bakinsa ya sanar an janye dokar. Ya ƙara da cewa duk mai son ya san halin rumbu, ya zo bayan sujada a buɗe masa randuna ya gani, ya kuma tambayi kwamiti abin da yake so, amma ƙwaryar mace ba mai sake taɓawa.

Asabar ta zo, ya buɗe ƙofa, ya zauna. Hantsi ya ɗaga, ba kowa. Ya tashi ya leƙa hanya, ya dawo, ya sake tashi. Sai ga Iya Tabita tana dogara sanda. Ta ce, “Me kake jira, ɗana? Wadda ta fara zuwa yau, gari duka ya san abin da ya kawo ta. Kai ka toshe hanyar nan. Da baki ba za ta buɗu ba.”

Irmiya ya tafi gida, ya ɗauki ƙwaryar matarsa, ya rufe ta da faifai, ya aza a ka. Bai bi ta bayan gari ba, ta tsakiya ya bi, ta gaban maƙera inda maza ke zama. Habila na nan yana jiran a gyara masa bakin fartanya. Da ya hango shi sai ya miƙe yana tafa hannu.

“Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Bawana ya zama amarya! Kai, ina lallen? Wa ya biya sadakin?”

Maza suka fashe da dariya, irin dariyar da Irmiya ya fi tsoro a duniya. Ya dafe ƙwaryar ya ce, “Kauce, kada ka sa in yi ɓari.”

“Ɓarin me? Da kaya a ciki, ko babu?”

Irmiya ya ce, “Ba a tambaya.”

Habila ya kauce masa.

Rifkatu ta fito da tata ƙwarya ta bi bayan mijinta. Iya Tabita ta ari ɗaya a maƙwabta. Matar Baba Ayuba ta fito, waɗansu suka biyo, kafin a kai tsamiya an zama ayari, Kande na tsakiya, tafiyarsu duka iri ɗaya. Irmiya ya shiga ya fito, ba wanda ya san ko zubawa ya yi ko ɗiba. Sai ya mirgina dutsen zamansa, ya juya wa ƙofa baya, ya fuskanci tsauni. Yana jin takun ƙafa, yana jin asabari na ɗagawa yana sauka, wuyansa na ƙaiƙayin ya waiwaya. Ya damƙe mabuɗi har ya yi masa shati a tafin hannu, bai waiwaya ba.

Da rana ta karkata aka ji turmi a gidan Habila. Cikin makon aka yi masa gayya, aka ceto gonarsa ta tudu, gama gonaki biyu gare shi. Ta gangare kuwa ciyawa ta riga ta cinye ta, ba a sami ko dami ba. Har kaka Irmiya ta nan yake bi zuwa gonarsa, ko da yake akwai wata hanya.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Rumbun nan alherin Allah ne, wanda ya ajiye a tsakiyar jama'arsa domin kowa ya ci. Faifan kuwa jinƙansa ne, wanda yake rufa mana asiri. Babu wani a cikinmu da bai taɓa shiga gaban Ubangiji da ƙwarya wofi ba, ya fito da ita cike, maƙwabcinsa bai sani ba. Da yawanmu kuma kamar Irmiya muke. Mun ci farin tuwo muna kwance, muna tsammani daga gonarmu ya fito. Uwa ce ta yi addu'a, wani ne ya sa baki, wata ce ta raka matarka, kai kuma ka tashi kana cewa gidanka bai taɓa ɗiba ba.

Ku lura, Irmiya ba ɓarawo ba ne, ba kuma mugu ba. Gaskiyarsa ba ta da aibi. Kuskurensa shi ne, an ba shi mabuɗi domin ya tsare masu yunwa, shi kuma ya tsare sunansa da shi. Wasa ɗaya aka yi masa a kasuwa, sai gari duka ya biya. Rumbu ya cika, ba mai zarginsa, turame kuma suka yi shiru. Aikin da ya wanke mai yinsa ya bar mutane da yunwa, ba aikin Ubangiji ba ne, ko da an yi shi a bayan majami'a.

Ina magana da ku da aka zaɓa a kwamiti, na ikilisiya ne, na zumuntar mata, na ƙungiyar unguwa, ko rabon abinci. Kada wani ya fita nan ya ce an hana bincike. A bincika. Amma ku ne za ku buɗe, ku nuna randa, ku nuna hannuwanku, ku amsa tambaya ba tare da fushi ba. Kunyar mai bukata ba taku ba ce da za ku biya da ita don a yabe ku. Ku kuma da Allah ya cika wa rumbu bana, bayarwa kaɗai ba ta isa ba. Wani lokaci abin da ake bukata a wurinka shi ne ka ɗauki ƙwarya ka jera da wanda ƙafarsa ta ƙi gaba, kamar yadda Mai Cetonmu ya sauko ya jera da mu, bai tsaya a ƙofa yana leƙa abin da muka rasa ba.

Ku tuna kuma da gonar gangare. Allah yana gafartawa, jama'a ma sukan yafe, amma dawar da ciyawa ta cinye ba ta dawo ba. Saboda haka kada ka jira sai kaka. In ka koma gida yau, ka kasa kunne a unguwarku da yamma, ka ji gidan da turminsa ya yi shiru. In ka gane shi, kada ka je ka tambaya. Ka rufe ƙwaryarka ka tafi.